Milimita Biyu

Na'urar a cikin kwali ta zo hannuna, kwalin da ɓera ya riga ya ci kusurwa ɗaya. Wani ma'aikacin gona ne da muka yi maƙwabtaka shekara huɗu a Dogon Dutsi aka yi wa canjin wurin aiki. Ranar da yake ɗaure kaya ya aiko a kira ni, ya turo mani kwalin da ƙafa.

"Madam, ke ce mai koya wa yara kimiyya, ɗauki wannan. Tana auna ruwan sama da iska da zafi. Ni dai ta gagare ni, ko sau ɗaya ban sa ta yi aiki ba."

Wai ta gagare shi! Da bai faɗi haka ba, wataƙila da na tura ta ƙarƙashin gado na manta da ita. Amma ni Allah ya yi ni da wani hali, in aka ce abu ya gagari wani, hankalina ba ya kwanciya sai na ga abin da ke cikinsa.

A lokacin ina zaune gidan mahaifina, can ƙarshen gari, inda in ka leƙa katanga gonarmu za ka fara gani. Aurena ya mutu, Inna ta rasu, saura ni da Baba. Masu cewa zafin raina ne ya kashe auren ba duka suka yi ƙarya ba. Baba manomi ne tun tasowarsa, kuma damanar da ta wuce ta wulaƙanta shi. Sau ukku ya yi shibka. Ruwa ya zo, ya shibka, sama ta ɗauke, tsiron ya ƙone a ƙasa. Ya sake, haka. Ta ukkun ce ta kama, ita ma da ƙyar. Abin da ya rage masa na iri tiya huɗu ne, a cikin tulu, an toshe bakin da laka. Irin hatsi ne mai doguwar zangarniya da ya gada wajen mahaifinsa, yana son damana mai tsawo, ba a samunsa a kasuwa. Baba ya faɗa mani da bakinsa cewa bana shibka ɗaya gare shi, in ta ƙone, irin ya tafi ke nan.

Wannan magana ce ke cikin kaina lokacin da na buɗe kwalin.

Abin kashi biyu ne. Na waje fari ne, yana da 'yan kofuna ukku da iska ke juyawa, da wutsiya mai nuna inda iskar ta fito, da mazurari a samansa. Na kwance mazurarin don in ga cikinsa, sai na tarar da wasu 'yan cokula biyu a haɗe, suna lilo. Ruwa ya cika ɗaya, ya kife, ɗayan ya taso, kowace kifewa na'urar ta ƙirga. Na daɗe ina kaɗa su da yatsa ina dariya ni kaɗai. Ashe duk girman ilimin nan cokali ne! Na cikin ɗaki kuwa ɗan allo ne mai lambobi, wanda na wajen ke aiko wa labari ba tare da waya ta haɗa su ba.

Na sa maƙeri ya kafa mani bututun ƙarfe a tsakar gida, nesa da dogon yaro, nesa da indararo, na ɗaura na wajen a kai, na juya shi arewa kamar yadda takardar da ke cikin kwalin ta nuna. Na saka pil, wato ƙananan batura. Kafin in kai ƙofar ɗaki lambobi sun fito a allon. Na ce a raina, wannan ne ya gagari namiji guda?

Ashe ban fara ba. Allon yana nuna abin da ake ciki yanzu, amma ƙwaƙwalwarsa 'yar ƙarama ce, in kwanaki suka taru sai na baya ya goge. Ni kuwa tarihi nake so, kowane ruwa da ranarsa da lokacinsa. Don haka dole a haɗa shi da kwamfuta, a sa manhajar da za ta riƙa rubuta komai. Faifan da ya zo a kwalin, tsohuwar kwamfutata ta ƙi karanta shi. Na sauko da manhajar ta salula, ta katse sau biyar, na ci gaba. Da ta buɗe kuma sai ga Ingilishi, ni kuwa Faransanci na yi a lakwal, makarantar boko. Na zauna da ƙamus ina tsintar kalma ɗaya ɗaya. Ta tambaye ni ta wace ƙofa allon zai shigo, ta jero mani ƙofofi da lambobinsu, na gwada su kaf. Kowace na zaɓa sai ta ce ba ta ga kowa ba.

Kwana huɗu ina wannan. In na taso daga aji ko ruwa ba na sha sai na buɗe kwamfuta. Na zagi manhajar, na zagi wanda ya ƙera ta, na haɗa da maƙwabcin da ya tafi ya bar mani wahala. Ranar Juma'a, ranar kasuwa, na ɗauki kayan na kai wa wani dattijo mai gyaran salula. Ko kwamfutar bai buɗe ba. Ya ɗauki wayar da nake haɗa su da ita, ya jujjuya, ya ce wannan ta caji ce kawai, wuta take kaiwa, ba ta ɗaukar labari. Ya jawo wata daga cikin tarkacensa. A idona duk ɗaya suke, baki ɗaya, tsawo ɗaya. Na tsare shi da tambaya sai da ya yanka wata lalatacciya ya nuna mani: wannan zare biyu a ciki, waccan huɗu.

A cikin kwanakin nan ne Baba ya shigo ɗaki yana kallona. Ya ajiye moɗar ruwansa dab da kwamfutar, ya ce, "Wai ni, ƙaƙa abin nan ka sanin an yi ruwa?"

Moɗar na gani, ban ji tambayar ba. Na daka tsalle na ɗauke ta.

"Haba Baba! Ruwa kusa da kayan wuta? Ɗigo ɗaya ya shiga, shi ke nan sun mutu. Ruwa shi ne ajalin waɗannan kaya. Bari dai in gama, zan yi maka bayani."

Ya karɓi moɗarsa ya fita. Bayanin nan ban yi masa ba.

Da sabuwar wayar, manhajar ta ga allon nan take. Layi na farko ya fito, sai na ga zafi ɗari da huɗu. Na ce innalillahi, Dogon Dutsi akwai zafi, amma ai ba mu dahu ba tukuna! Ashe awon wasu ƙasashe ne. Na mai da shi namu, na mai da inci milimita, na gyara kwanan wata da ta sa wata a gaban rana. Sannan na lura in na rufe ƙofar kwano labari yana yankewa, na matsar da allon bakin taga. Kwamfutar kuma ta riƙa yin barci da rana tana barin giɓi a lissafi, na hana ta barci. Kuran, wato wutar lantarki, ya riƙa ɗaukewa, na jona ta da batirin sola. A ƙarshe na sa ɗan akwatin intanet kusa da ita, na koya wa manhajar ta riƙa turo lambobin zuwa salulata duk inda nake. Ranar da Baba ya tafi ta'aziyya Dumega na hau kujera na tsiyaya ruwa da buta a mazurarin, na ji cokulan suna ƙas, ƙas, na ruga ɗaki na ga lamba ta hau. Wallahi na yi guɗa.

Daga nan na zama kamar mai sabon ɗa. Duk safiya sai na duba abin da ta rubuta. Na gano cewa sanyi ya fi ƙarfi dab da fitowar rana, ba lokacin da nake zato ba. Na ga tattabara ta sauka kan mazurarin ta rubuta mani ruwa rabin milimita a tsakiyar rani. Na ga ranar da iska ta bar gabas ta koma tana fitowa daga kudu maso yamma, laimar iska ta soma hawa kaɗan kaɗan, kullum sai ta ɗara jiya. Na je da murna na gaya wa Baba. Ya ce shi tun shekaranjiya gwiwarsa ta faɗa masa. Amma ya matso, ya sa fuska kusa da kwamfutar, ya bi layin da yatsa ba tare da ya taɓa ba. Tun ranar, in ya dawo daga masallaci da safe yakan tsaya bakin ƙofata.

"To Madam, mi ta ce?"

Madam ɗin tsokana ce, amma tambayar da gaske yake yi. Na faɗa masa abin da masu aikin gona ke cewa, kada a shibka sai ruwa ya kai milimita ashirin ko sama. Ya ce bara da hannunsa ya tona, ya ji laima, laimar ta yaudare shi har sau biyu. Ya ce bana na'urar za ta yi magana, shi zai bi. Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda ya kamata. Tsohon da duk unguwa ke tambaya yaushe za a shibka, ga shi yana tambayata.

Sai aka kira ni Doso gyaran takardun jarabawa, kwana shida. Na bar kwamfutar a kunne, na ja wa Baba kunne kada ya taɓa komai, na tafi.

Rana ta biyu, bayan la'asar, ina tsakiyar takardu salula ta yi ƙara. Baba ne. Muryarsa cike da murna, ina jin indararo na zuba a bayansa.

"Ɗiyata, ruwa sun zo! Ruwa na ƙwarai. Tsakar gida ta cika. Na hita gona na tona, laima ta wuce wuyan hannu, ta kusa gwiwa. Duba muna, mi ta ce?"

Na buɗe shafin lambobin na'urar a salulata. Milimita biyu.

Na rufe na sake buɗewa. Lokaci daidai ne, zafi ya sauka, laimar iska ta hau, ke nan na'urar na aiki. Ruwa, milimita biyu.

"Baba, biyu ne kawai. Kada ka shibka."

"Biyu? A'a, ɗiyata, sake dubawa. Waɗanga ruwa sun fi biyu. Kowa na ta gyaran sungumi."

Na gaji, kaina na ciwo, takardu sun kai ɗari a gabana. Kuma tsoro nake ji, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Tiya huɗun nan nake gani a idona suna ƙonewa a ƙasa. Amma ba tsoron ne ya fito daga bakina ba.

"Baba, bara ma haka ka ce."

Na ji ruwa na ɗiga cikin bokiti. Can ya ce, "To, shi ke nan. Allah shi kai mu wani." Ya kashe.

Washegari rediyo ta jero garuruwan da suka sami ruwa, aka faɗi na Dogon Dutsi, lamba babba. Sai na lallashi kaina cewa ma'aunin hukuma yana can wani ɓangaren gari, ruwan farkon damana kuwa yakan jiƙa unguwa ya tsallake unguwa. Gaskiya ne yana yin haka. Amma da na kira ko maƙwabciya ɗaya da na ji komai. Ban kira ba, don ni ce na haɗa wayoyin nan da hannuna, kuma ba na son a ce mani sun yi kuskure.

Da na dawo, tun daga kan babur na gani. Gonar hagu da tamu tsiro ya huda ƙasa, layi layi. Ta dama haka. Tamu tana tsakiya, fara fes, rairayi ya bushe. Na sauka ban ko gai da kowa ba na faɗa ɗaki, na buɗe tarihin ranar, layi bayan layi, kowane minti biyar. Ruwa ba ya tsami banza, na san akwai dalili. Na fara zargin cokulan, na hau kujera na duba, suna lilo lafiya. Na zargi pil, cike yake. Na zargi kuran, babu giɓi ko na layi ɗaya. Na dawo na sake bin lambobin a hankali, wannan karon har da na iska. Ƙarfe ukku da rabi iska ta taso, tana hawa, tana hawa, kamar yadda take yi gaban hadari. Ƙarfe huɗu saura kaɗan sai ta zama sifiri. Sifiri cur, awa biyu da wani abu. Wutsiyar ma ta kafe wuri ɗaya ba ta motsa ba. Bayan an ɗauke ruwa sai komai ya dawo.

Wace iska ce ke tsayawa cak a tsakiyar hadari? Abin ya ɗaure mani kai har na manta da fushi. Na zauna ina tunanin ko tsuntsu ne ya maƙale, ko reshe ya faɗo. Na fita na sami Baba a gindin dogon yaro yana tufkar igiya.

"Baba, ranar da aka yi ruwan nan, wani abu ya taɓa na'urar?"

Ya ɗago, fuskarsa ta washe.

"Ba abin da ya taɓa ta. Da na ga hadari ya haɗo, na kwashe shanya, na shigar da tabarmi, sai na tuna da ita tana tsaye cikin sarari. Na kife turmi na hau, na zura mata buhu tun daga kai, na ɗaure da igiya tamau. Iska kamar ta kayar da ni. Da anka ɗauke na kwance, na share ta da rawanina. Ai kin ce ruwa ne ajalinsu."

A wajenmu haka ake yi. In hadari ya taso, duk abin da ke da daraja a rufe shi ko a shigar da shi, rediyo, babur, buhun gari, har ɗan akuya. Wa zai bar kayan wuta mai tsada a ƙarƙashin ruwa? Milimita biyun da na gani, abin da ya tsiyaya ne ta saƙar buhun.

Na buɗe baki. Ni da ba na riƙe magana, na san abin da ke shirin fitowa, kuma na san ba shi ya cancanci jinsa ba. Na dubi ƙafafunsa, na dubi turmin da ke jingine can, na tuna mutumin nan ya haura saba'in. Na zauna ƙasa a gabansa. Na ce ya jira ni. Na kwanto mazurarin na kawo, na buɗe, na nuna masa cokulan, na ɗebo ruwa a moɗa na tsiyaya a hankali. Ƙas. Ƙas. Ya karɓi moɗar ya tsiyaya da kansa. Ya kaɗa cokalin da yatsa, ya sake kaɗawa.

"Ashe sai ta sha ruwan take sani."

"Sai ta sha, Baba. Ni ce ban gaya maka ba."

"Ni na ɗauka tunda tana magana da ta ɗaki ba waya, haka take magana da sama."

Na roƙe shi gafara kan abin da na faɗa a salula, na yi kuka, kukan haushin kaina. Ya ce in tashi, ƙasa da zafi.

Ruwan shibka na gaba sai da ya yi kusan sati ukku bai zo ba. Da ya zo na'urar ta ƙirga shi daidai, milimita ashirin da bakwai, muka fita da sungumi ni da shi, yana sara ina jefa iri ina takewa. Hatsin ya fito da kyau, ya yi kara, ya fitar da zangarniya dogaye har mutane na tsayawa kallo. Amma irin nan damana mai tsawo yake so, mu kuwa mun ci sati ukku daga gabanta. Ruwa ya ɗauke ƙwayar na madara, ba ta ƙosa ba. Kullum ina duba kwamfuta, laimar iska na sauka, iska ta koma gabas, ba abin da zan iya yi sai kallo. Maƙwabta suka yi girbi. Mu muka sami abin da za a yi tuwo na 'yan watanni, ƙwaya ƙanana, shafal. Baba ya zauna kwana biyu yana zaɓar zangarniyar da zai ajiye don iri, ya murza wannan a tafin hannu, ya hura, ya ajiye gefe, ya ɗauki wata. Bai sami ko ɗaya da ya yarda da ita ba.

Har yanzu na'urar na nan kan bututunta, tana rubutu, ina da tarihin damana huɗu a kwamfuta, kuma ina kai wa ɗalibaina su gani. Abu na farko da nake nuna masu cokulan ne.

Da bazarar da ta biyo bayan wancan girbin ta yi nisa, wata safiya na ga Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a alhali ranar Talata ce. Ya ɗauki ƙwarya ƙarama ya rufe da faifai. Na tambaye shi ina zuwa. Ya ce gidan maƙwabcinmu na hagu, ya ji yana da iri, ba irin namu ba ne, gajere ne, amma yana yi. Na ce ya ba ni ƙwaryar ni in je, ni na jawo. Ya ce a'a, roƙon iri ba a aike.

"Tun da nike ban taɓa yi ba," ya ce. "Ban ma san yadda ake farawa ba."

Ya gyara hularsa ya fita. Na tsaya a zaure ina kallonsa har ya kai ƙofar gidan. Ya daɗe tsaye kafin ya yi sallama.